Yadda Kwamfuta Ta Shigo Ƙasar Kazaure, da Wuyar da Aka Sha Kafin a Iya Ta

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin matasa, maza da mata, kuma ita ce ta sa na zaɓi batunmu na yau. Sai ka ji mutum ya ce: "Ni fa na yi kwas ɗin kwamfuta har sau biyu, ga satifiket ɗina a ajiye, amma idan aka zaunar da ni gabanta sai jikina ya mutu. Anya ba kaina ne ba ya ja ba?" To, kafin kowa ya yanke wa kansa hukunci, ina so mu koma baya mu ga yadda abin nan ya shigo mana, wa ya kawo shi, kuma ta wace hanya aka ce mu koye shi. Zan tsaya a yankinmu na arewa maso yammacin Jigawa, wato Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, domin labarin wurin ya fi na wurare da yawa ban mamaki.

Kazaure dai tsohuwar masarauta ce da ke kan hanyar Kano zuwa Daura. Ɗan Tunku ne ya kafa ta wajen shekarar 1819, bayan ya ɓalle daga ikon Kano a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ɗansa Dambo kuma shi ya raya garin. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk ƙasar Kazaure ce, Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim. Har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991 duk muna cikin jihar Kano ne, ranar da gwamnatin Babangida ta yanke Jigawa. Sabuwar jiha ce ta manoma, ba masana'antu, ba jami'a ko ɗaya, wutar NEPA kuwa sai wanda ya gani.

A wancan lokacin kwamfuta ta daɗe a Najeriya, sai dai tana can sama inda hannun talaka ba ya kaiwa. Tun 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello ta yi tata cibiyar, wadda yau take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin nan. Kwamfutar wancan zamanin ɗaki guda take ci, kuma ɗalibi ba ya zama gabanta. Umarninsa zai huda a jikin wasu katuna, ya miƙa ta taga, ya dawo daga baya ya karɓi sakamako. Idan waƙafi ɗaya ya kuskure, aikin ya tashi, sai a sake lale. A 1988 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin koyar da kwamfuta a makarantun sakandare, aka fara da makarantunta na haɗaka. Amma yaron da ke makarantar jeka-ka-dawo a Gwiwa ko Roni, abin da ya sani mai madannai shi ne tafireta, irin wadda akawu ke bugawa a sakatariya ko a bakin kotu.

Shekarar da komai ya juya ita ce 2001. Ku riƙe shekarar nan da kyau. A watan Janairunta aka yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki, lokacin da layi kaɗai yake kai naira dubu ashirin, wani lokacin ma fiye. A cikinta gwamnatin Obasanjo ta amince da manufar ƙasa kan fasahar sadarwa, aka kafa hukumar NITDA. Kuma a cikinta ne gwamnatin Jigawa ta buɗe makarantar Informatics a Kazaure.

Gwamnan lokacin, Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure ne, ya hau mulki a 1999 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. An yi ce-ce-ku-ce sosai a kan mulkinsa, an yi masa tsiya da yawan tafiye-tafiye ƙasashen waje, bayan ya sauka kuma ya yi shari'a da EFCC. Wannan magana ce ta wani shirin daban. Abin da ya shafe mu yau shi ne mutumin ya ƙwallafa rai a kan kwamfuta a lokacin da takwarorinsa gwamnoni ba su ma san me ake nufi da imel ba. A zamaninsa aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse domin samar da intanet, sannan aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Informatics na ƙasar Singafo, wanda ya fara koyar da kwamfuta a can tun 1983.

Me ya sa Singafo? Ɗan tsibiri ne da ba shi da man fetur, ba shi da gonaki, ruwan sha ma sai ya sayo daga Malesiya. Tun 1981 suka kafa hukumar kwamfuta ta ƙasa, a 1992 suka fito da shirin mayar da tsibirin nasu cibiyar fasahar sadarwa, suka kuma yi nasara. Yawan mutanensu a shekarar 2000 kimanin miliyan 4 ne, ƙidayar 2006 kuwa ta ba Jigawa kimanin miliyan 4.3. To ka ga inda tunanin ya fito: tunda su da ba su da komai sun yi da ƙwaƙwalwa, mu me zai hana? Abin da lissafin bai cika kulawa da shi ba shi ne yaron Singafo ya tashi da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma da Turanci aka koyar da shi tun daga firamare.

Duk da haka ni ba na cikin masu raina abin da aka yi. An ɗebo yara daga ƙananan hukumomi 27 na jihar, 'ya'yan manoma da 'ya'yan masu ƙaramin albashi, aka zaunar da su gaban kwamfuta suna karatun difloma da manhajar karatu irin ta Singafo, aka riƙa tura wasu da suka yi zarra can su ƙarasa digiri. Makarantar tana nan har yau, a matsayin cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jihar Jigawa. Ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a garin, wadda aka sa wa sunan marigayi Sarkin Kazaure, mahaifin Sarki Najib, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe ta a 2007. Sai ƙaramin gari ya wayi gari da ɗalibai daga ko'ina, ana ta maganar Java da Oracle a teburin mai shayi.

Amma nawa ne suka samu shiga? 'Yan kaɗan. Mafi yawanmu ta ƙofar baya muka shiga harkar, wato ƙananan makarantun kwamfuta na kuɗi da suka ɓarke a shaguna bayan an ga abin yana da kasuwa. Ni irin wannan na yi, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Mu wajen talatin ne a aji, kwamfutoci biyar, biyu daga ciki ado ne kawai, an lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙura. Wata guda cur muka yi muna kwafar rubutu daga allo: ma'anar kwamfuta, zuriyar kwamfuta ta farko har ta biyar, sunan Charles Babbage, bambancin RAM da ROM. Malaminmu kan zana kibod a allo da alli, mu ma mu zana a littafi. Ranar da za a taɓa na'ura sai an yi karo-karon kuɗin man janareta, kowa ya samu minti goma ko sha biyar, sauran na tsaye a kansa suna cewa ya yi sauri. Kuma kafin ka zauna an riga an tsorata ka: kar ka danna wannan, kar ka taɓa wancan, idan ta lalace ubanka ne zai biya. Wallahi na ga ƙato mai gemu hannunsa na rawa a kan linzami. Ana ce masa danna sau biyu da sauri, sai ya danna ɗaya, ya numfasa, ya danna na biyu, aji ya fashe da dariya. Bai ƙara dawowa ba.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a ganina nan ne gizo yake saƙa. Kafin kwamfuta ta zo, Bahaushe yana da hanyoyinsa na koyo da ya gada, kuma kowa da irin wadda ta gina shi ya tunkari na'urar.

Wanda makarantar allo ta gina, ƙarfinsa hadda ne da maimaici. A biya masa, ya maimaita har ya zauna, ya wanke allo, a ɗora masa na gaba. Kada kowa ya raina wannan. Na ga almajirai da gardawa da suka fi 'yan boko saurin riƙe gajerun hanyoyin madannai, irin su Ctrl da C, Ctrl da V, domin riƙe abu a ka ba baƙonsu ba ne. Kuma koyon buga rubutu ba tare da kallon yatsu ba, ai tilawa ce tsantsa. Manhajar Mavis Beacon da muka yi ta fama da ita, wadda ta fito tun 1987, ba abin da take yi illa ta sa ka maimaita layi ɗaya har yatsunka su haddace. Inda hadda take gazawa shi ne ranar da abu ya sauya wuri. Wanda ya haddace cewa a Word 2003 ana bi ta nan a gangara nan, da aka kawo Word 2007 aka sauya fasalin saman gaba ɗaya, sai ya tsaya cak kamar bai taɓa ganin kwamfuta ba. Hanya ya haddace, bai san garin ba.

Sai wanda ya tashi a gaban maigida: yaron maƙeri, yaron tela, yaron bakanike. Shi ba a yi masa lacca. Shara zai fara yi, ya ɗauko wannan, ya miƙo wancan, idonsa na kan hannun maigida, wata rana a ce masa gwada mu gani. Irin wannan koyon ne ya koma shagunan buga takardu da fotokwafi da wuraren shiga intanet, kuma in za a faɗi gaskiya shi ya fi yaye mutanen da suka iya aiki. Yaro zai fara da tayar da janareta da jera takardu, daga nan a ba shi takardar gayyatar biki ya buga, ya ɓata, a yi masa faɗa, ya gyara. Kafin shekara ta zagayo yana haɗa kalanda da CorelDraw, yana sauke Windows XP, yana kwance firinta. Aikin gaske ne a gabansa, ga mai shi a tsaye yana jira, ga kuɗi a ƙarshe. Illarsa ita ce iliminsa yakan tsaya inda na maigidansa ya tsaya, kuma ba shi da takardar da zai nuna ranar ɗaukar aiki. Sai ka ga mai satifiket ya samu kujerar, shi kuma yana kawo wa yaron shago aikin ofis ɗin a ɓoye yana biyansa.

Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba. Shago wurin maza ne. Yarinya a Roni ko Babura ba za ta je ta wuni a shagon wani tana kallon hannunsa ba, gida ba za su bari ba, gari ma ba zai bari ba. Saboda haka hanyar da ta fi kowace koyarwa ita ce aka rufe wa mata, aka bar su da ajin zana kibod a littafi. In kin ji ana cewa mata ba su da kan kwamfuta, ki tambayi mai maganar awa nawa aka bar ƙanwarsa ta zauna gabanta.

Sai kuma 'yan taɓe-taɓe, waɗanda ba su jiran a koya musu. A 1999 wani masani ɗan Indiya, Sugata Mitra, ya huda bangon ofishinsu da ke kusa da wata unguwar talakawa a Delhi, ya saka kwamfuta mai intanet tana kallon waje, ya tafi abinsa. Yaran unguwar, da ba su jin Turanci sosai, suka koya wa kansu sarrafa ta, wanda ya gano abu ya nuna wa na kusa da shi. Labarin ya zaga duniya. Sai dai da masu bincike suka koma wasu wuraren da aka yi irin wannan daga baya, sun tarar wasu na'urorin sun lalace ba mai gyara, kuma yara maza masu ƙarfi ne suka fi mamaye wurin. Mu ma an gwada mana makamancin haka a 2007, lokacin da aka raba ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro a wata firamare da ke Galadima a Abuja. An ɗauki hotuna, an yi ta yayata za a sayi miliyan ɗaya, maganar ba ta tabbata ba.

Wani zai ce to shi ke nan, kowa da irin ƙwaƙwalwarsa, wani da ido yake koyo, wani da kunne, wani da hannu. Wannan magana ta yi farin jini ƙwarai a wuraren horar da malamai. Amma a 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam su huɗu, ƙarƙashin Harold Pashler, sun bi binciken da aka yi a kai, ba su sami hujja mai ƙarfi da ke nuna cewa raba ɗalibai gida-gida haka yana ƙara musu fahimta ba. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne abin da ake koyo shi ke zaɓar hanyarsa. Ba a koyon keke da lacca, ko da kuwa kai mai son lacca ne. Bambancin da na gani da idona tsakanin mutane ya fi karkata ga wa yake tsoro, wa aka yi wa dariya, wa yake da wanda zai tambaya ba tare da jin kunya ba, da wa yake jin Turancin da ke kan allon.

Maganar Turanci kuwa babba ce. Na'urar za ta fito maka da ɗan akwati tana tambayarka ko ka tabbata kana son rufewa ba tare da ka adana ba. Wanda ya karanta ya gane, sakan ɗaya ne. Wanda bai gane ba, gabansa ne zai faɗi, ya danna duk abin da ya samu, aikin awa biyu ya tafi. Shi kuma sai ya ce kwamfuta ce ba ya ganewa, alhali jimla ɗaya ce ta Turanci ta kayar da shi. Hausa kanta ta sha wuya kafin ta samu wurin zama a ciki. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, babu su a kibod, sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla a shekarun 1990, masu buga littattafan Hausa suka samu sauƙi. Google bai sa Hausa a manhajarsa ta fassara ba sai a ƙarshen 2013, Facebook kuwa sai 2016. A Kano, cibiyar CITAD ta Malam Y. Z. Ya'u ta daɗe tana wannan fafutukar ta kai ilimin kwamfuta ga waɗanda aka bari a baya, musamman mata.

Ranar da aka yi wa kowa tonon silili ita ce ranar da JAMB ta koma kwamfuta. An fara gwaji a 2013, a 2015 aka daina takarda da fensir baki ɗaya, ɗalibai kusan miliyan ɗaya da rabi. Ku yi tunanin yaron da ya taso daga wani ƙauye a Gwiwa tun asuba, ya san lissafinsa, ya san kimiyyarsa, amma yau ce rana ta farko da ya taɓa linzami, ga agogo na gudu a saman allo. Jarrabawa biyu yake yi a zama ɗaya, kuma wadda ba a koya masa ba ita za ta fara kayar da shi. Hukumar da kanta ta gane haka, shi ya sa a 2017, zamanin Farfesa Ishaq Oloyede, ta kawo tsarin madannai takwas, yadda ɗalibi zai danna A, B, C ko D ya zaɓi amsa, N ya wuce gaba, P ya dawo baya, ba sai ya taɓa linzami ba. Shekara 16 ke nan bayan buɗe Informatics, kuma shekara 29 bayan tsarin 1988.

Yanzu zamani ya sake juyawa. Ƙannenmu da suka fara da Opera Mini da 2go a ƙananan wayoyin Nokia, da waɗanda suka buɗe ido da Android, babu wanda ya kai su aji, kuma babu mai tsoron waya. Dalili a fili yake: tasa ce, tana aljihunsa dare da rana, in ya ɓata ba mai yi masa tsawa. Abin da aka hana mu a ajin kwamfuta ke nan. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Na zauna da matasa da ke yanka bidiyo a waya kamar ƙwararru, da aka ba su laftof aka ce su buɗe jaka su adana takarda a ciki, su haɗa ta da imel su tura, sai ido ya raina fata. Aikin ofis, da lissafin Excel, da rubuta manhaja, har yau a kan kibod ake yin mafi yawansu.

A 2021 gwamnatin Buhari ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Shugaban NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Jigawa ne daga Haɗeja. A 2023 kuma aka ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, wanda yawancin karatunsa ta intanet ake yi, wato sai mai data da caji. Idan ka tsaya a Kazaure yau, manyan makarantun fasaha uku ne kewaye da kai a tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. Tambayar da nake yi wa duk shugaban sakandaren da na haɗu da shi a yankin ita ce: ɗakin kwamfutarku, a hannun wa makullin yake, kuma awa nawa yake buɗe a mako? Amsar da na fi samu ita ce ana buɗewa idan baƙi za su zo, sai kuma makonni biyu kafin JAMB.

Wanda ya yi Informatics a shekarun farko, ko wadda ta koya a shago ko a gida duk da hanin da aka yi, ina son jin yadda kuka yi, domin akwai shirin da nake haɗawa a kan ɗaliban farko da aka tura Singafo.